Wai da gaske ba wanda ke aikata mugunta da saninsa? Mu tattauna maganar Sukurat

Ɗan_Tudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so mu baje ta a faifai. Sukurat, masanin falsafar nan na birnin Atina a ƙasar Girka, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da wani ra'ayi da almajirinsa Aflatun ya rawaito a wurare da dama. Cewa ya yi babu mutumin da ke aikata mugun abu alhali ya san mugu ne. Duk wanda ka ga ya yi sata ko ya ci amana ko ya zalunci wani, jahilci ne ya kai shi. Ba wai bai san doka ta hana ba. Abin da bai sani ba shi ne kansa yake cuta.

Hujjarsa kuwa ita ce kowa alheri yake nema wa kansa. Ba mai tashi da safe ya ce yau zan nemo abin da zai tsiyata ni. To idan zalunci yana ɓata ran mai yinsa, wanda ya zaɓe shi lissafi ne ya kwace masa. Da ya sani sani na haƙiƙa, ko biyan sa aka yi ba zai yi ba.

Kun yarda da wannan? Ilimi kaɗai ya isa ya gyara mutum?

Gaskiya_Ɗaci:
Wa alaikumus salam. Wannan tsohon bai taɓa zama da mai riƙon kuɗin jama'a ba. Wanda ya wawure kuɗin magani ya san sarai yara za su mutu. Ya ma fi ka sani, don shi ya rubuta takardar neman kuɗin.

Maman_Khairat:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ba ku abin da idona ya gani a ɗakin maza. Akwai wani dattijo da ciwon suga ya ci masa ƙafa har aka yanke masa yatsu biyu. Tsohon malamin makaranta ne, ya san ciwon ciki da waje, shi ke yi wa na gadon kusa da shi bayanin abin da za su ci da wanda za su bari. Wata rana ina gyara masa shimfiɗa, na ɗaga filo, sai ga ƙullin alawar madara a leda, an gutsure rabi. Na ce haba Baba! Ya dubi ƙafar da ke naɗe da bandeji, ya dube ni, ya ce, "'Yata, ba abin da ban sani ba, rai ne dai." To wannan wane jahilci za a ce yana damun sa?

Ɗan_Tudu:
@Maman_Khairat Allah ya ba Baba lafiya. Amma Hajiya, irin wannan misalin ne Sukurat ya tara a muhawararsa da wani masani mai suna Furotagoras. Ya ce abu ɗaya in yana kusa sai ka gan shi babba, in yana nesa ka gan shi ƙarami. Zaƙin alawa yana kan harshe yanzu-yanzu, cutar da za ta biyo baya tana can gaba. A daidai lokacin da Baba ya miƙa hannu ma'auninsa ya karkace, ya ga zaƙin ya fi nauyi. Shi ya sa ya ce abin da ke tsirar da mutum shi ne iya awo, awon daɗi da wahala, na kusa da na nesa.

Maman_Khairat:
Nesa ina? Na ce maka ƙafar tana gabansa, kullum da safe yana kallo ana wanke ta.

Bazazzagiya:
Maman Khairat, kina da babban mai goyon baya, kuma daga gidan Aflatun ɗin ya fito. Aristo ya yi kusan shekara 20 a makarantar Aflatun, amma da ya zo rubuta littafinsa na ɗabi'u, a kashi na 7 ya faɗa ƙarara cewa maganar Sukurat ta saɓa wa abin da kowa ke gani. Sai dai bai watsar da ita gaba ɗaya ba, nan ne abin ya burge ni. Ya ce riƙe ilimi daban, aiki da shi daban. Mai barci da wanda ya bugu ba su rasa abin da suka sani ba, amma a wannan halin ba ya yi musu amfani. Ya ce wanda sha'awa ta rinjaya yana iya karanto maka hujja tiryan-tiryan, kamar ɗan wasan kwaikwayo da ke faɗin kalaman da aka haddatar masa. Baban da ke yi wa maƙwabcin gadonsa lacca ke nan. Har ya kwatanta irin wannan mutum da garin da ke zartar da dokoki masu kyau amma ba ya aiki da ko ɗaya.

Gaskiya_Ɗaci:
Garin da ke da dokoki masu kyau ba ya aiki da su? Yaya, kin tabbata a Girka mutumin nan ya zauna? 😂

Abu_Sumayya:
Jama'a ku ji tsoron Allah. Me ya kai mu tonon maganganun mutanen da suka rayu cikin masu bautar gumaka? Muna da Alƙur'ani da Sunna. Abin da yake mai kyau shari'a ta faɗa, mummuna ma ta faɗa. Wannan hanyar ita ta ɓatar da mutane da yawa.

Malam_Na_Zaure:
Ɗana Abu Sumayya, Allah ya saka da wannan kishi. Amma bari in tambaye ka, ka karanta Ahalari? Na san ka karanta, kusan kowa a nan da shi ya fara koyon tsarki da salla. To marubucinsa, Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya yi waƙen nan na ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja, mai suna Sullam, wanda ake karantawa a zaurukanmu har gobe. Manɗiƙi kuwa asalin tsara shi aikin Aristo ne. A cikin waƙen da kansa ya kawo saɓanin malamai: Ibnu Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a san shi, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakken hankali wanda ya goge da Littafi da Sunna. Ka ga akwai sharaɗi, kuma sharaɗin yana goyon bayan wani ɓangare na tsoronka.

Haka nan Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi a kan wannan fanni. Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa. Dukansu manya ne, ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini.

Abu_Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, amma ai Imam Gazali ya kafirta 'yan falsafa.

Malam_Na_Zaure:
A mas'ala 3 daga cikin 20 da ya tattauna a littafinsa na rushe maganganunsu: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Kuma da Farabi da Ibnu Sina yake, a kan abin da suka ɗauko daga Aristo na sha'anin allantaka. Lissafi da manɗiƙi bai hana ba, shi da kansa ya yi littattafai a manɗiƙi. In ka buɗe littafinsa Ihya wurin gyaran ɗabi'u za ka ga ya ce tushen kyawawan halaye huɗu ne: hikima, jarumta, kamewa da adalci. Waɗannan huɗun su ne Aflatun ya lissafa a littafinsa Jamhuriya. Littafin ɗabi'u na Aristo an fassara shi zuwa Larabci tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, Ibnu Miskawaihi ya gina nasa a kai. Malamanmu sun tace ne, suka ɗauki na ɗauka.

Amma mu koma kan tambayar Ɗan Tudu, don na ga muna nisa. A Suratun Nisa'i aya ta 17 Allah ya ce tuba tana ga waɗanda ke aikata mummuna da jahilci. Malaman tafsiri sun rawaito daga magabata cewa duk wanda ya saɓa wa Allah jahili ne a lokacin saɓon, ko da gangan ya yi. Wannan ya yi kusa da Sukurat. A ɗaya gefen kuma ga Fir'auna da mutanensa, waɗanda Suratun Namli ta ce sun musa ayoyin alhali zukatansu sun sakankance da su. Ga kuma Iblis. Wa zai ce bai sani ba? Girman kai ne ya hana shi. Ni ban ga inda lissafin Sukurat ya ajiye girman kai ba.

Talatu_Jos:
Sannunku da muhawara. A ɓangarenmu Manzo Bulus ya faɗi kusan abin da Baban Maman Khairat ya faɗa, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura ta 7. Ya ce alherin da yake so ya yi ba ya yi, muguntar da ba ya so ita yake yi. Kuma mutum ne da ya yi rubutu da harshen Girkanci. Ni dai ina ganin duk wanda ya taɓa ƙudurta zai bar wani hali ya kasa, ya san Sukurat ya sauƙaƙa abin da yawa.

Lauya_Ba_Riga:
Ina ganin mun cakuɗa mutum biyu a buhu ɗaya. Baban alawa yana yin abin yana nadama. Ɓarawon da Gaskiya_Ɗaci ya kawo ba ya nadamar komai, gani yake ya yi wayo. Na biyun shi ne matsalar Aflatun ta gaske, kuma a kashi na 2 na Jamhuriya ɗan'uwansa Gulokon ya kawo ta da wani labari.

Wai wani makiyayi ne a ƙasar Lidiya, yana yi wa sarki kiwo. Aka yi ruwa da girgizar ƙasa, ƙasa ta tsage. Ya sauka cikin ramin, ya tarar da dokin tagulla mai rami a ciki, a cikinsa ga gawa da zoben zinariya a yatsa. Ya zare zoben. Ranar taron makiyaya yana zaune yana wasa da shi, ya juya kan zoben zuwa tafin hannunsa, sai ya ji abokansa suna maganarsa kamar ba ya wurin. Ya juya waje, ya bayyana. Da ya tabbatar, sai ya nemi a sa shi cikin masu kai wa sarki rahoto. Ya yaudari matar sarki, suka haɗa kai suka kashe sarkin, ya hau gadon mulki.

Gulokon ya ce a kawo irin zoben nan biyu, a ba mai adalci ɗaya, a ba azzalumi ɗaya. Ya ce za ka ga hanya ɗaya suka bi. Ma'ana, adalcin da muke yi tsoron kamu ne da son a yabe mu. Sauran littafin gaba ɗaya ƙoƙarin amsa wannan ne.

Zango_Kumasi:
Layar zana ke nan ta Girkawa. To tambaya gare ku duka, kuma kada kowa ya yi mana wa'azi: a ba ka ita yau, ina za ka fara zuwa?

Gaskiya_Ɗaci:
Kar ka sa mu faɗi abin da za a yi sikirinshot.

Abu_Sumayya:
Ga mumini tambayar ba ta taso ba. Ka ɓace wa mutane, ka ɓace wa Allah?

Lauya_Ba_Riga:
@Abu_Sumayya Ɗan'uwa, ɗaya ɗan'uwan Aflatun, Adimantus, ya hango wannan amsar. Ya ce mutanen zamaninsu suna cewa ai ana iya lallashin alloli da yanka da hadaya, sai ka ci zalunci ka fitar da wani abu daga ribar ka wanke kanka. Aƙidarmu ba irin tasu ba ce, na sani. Amma ka rantse ba ka san mai cin haram yana raba buhunan shinkafa da azumi da wannan lissafin a ransa ba.

Mai_Kwano:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, hatsi nake aunawa, amma ina bin ku. Ina yaro na koyi awo a wurin wani ubangida da ba zan kama sunansa ba. Kwano biyu gare shi, kamarsu ɗaya sak. Na saye lafiyarsa ƙalau. Na sayarwa kuwa an kifa shi an bubbuga gindinsa da guduma, ya ɗan turo ciki, kaɗan yadda ido ba zai kama ba sai ka shafa da yatsa. In ƙauyawa suka kawo gero sai ya ce in miƙo na saman buhu, in mata suka zo saye sai na ƙarƙashin benci.

Mutumin nan sahun farko ba ya wuce shi. Surar nan ta masu tauye mudu a kansa take. Da na girma kaɗan na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaro, ai wannan ba tauyewa ba ce. Manomi yana zuba tsakuwa da ƙaiƙayi, dillali yana cin nasa, ni hasarata nake mayarwa." Kuma wallahi na ga a fuskarsa ya yarda da abin da yake faɗa. Ban taɓa jin ya kira abin sata ba ko a cikin raha. To ni a nan sai na ga kamar Sukurat yana da gaskiya. Kafin hannu ya yi, sai da zuciya ta nemo masa fatawa.

Bazazzagiya:
Mai_Kwano, wannan da ka kawo ya fi duk abin da muka karanto. Amma duba, wa ya sa shi cikin wannan jahilcin? Me ya sa yake ɓoye kwanon a ƙarƙashin benci in ya yarda halal ne?

Mai_Kwano:
Zai ce miki don kada mutane su yi masa mummunar fahimta 😅

Baba_Ritaya:
Yara, ku bar ni in sa baki. Abin da ban ji kun tsaya a kai ba shi ne sabo. Aristo ya ce da gini ake zama magini, da kaɗa molo ake zama makaɗi, haka da aikata adalci ake zama mai adalci. Ya ma yi wa masu son muhawara irinku shaguɓe, ya ce suna kama da majinyacin da ke sauraron likita da kyau amma ba ya shan ko ɗaya daga abin da aka rubuta masa. Na yi aikin gwamnati har na ajiye. Ban taɓa ganin wanda ya fara da babbar sata ba. Da takardar mai ta ƙarya ake farawa, da alawus ɗin tafiyar da ba a yi ba. Ranar farko mutum ba ya iya haɗa ido da kai. Bayan wasu shekaru shi ke koya wa sababbin ɗauka. Ilimin bai ragu ba, kunyar ce ta tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan_Maraɗi:
Baba ya yi gaskiya. Kuma in ilimi yana gyara mutum, a duba waɗanda suka zauna gaban Sukurat ɗin. Alkibiyadis ya gudu wurin Isbata, abokan gabar garinsu, ana tsakiyar yaƙi, ya ba su shawarar yadda za su cuci Atina. Kiritiyas kuma ya zama jigo a cikin azzalumai 30 da suka riƙe garin a shekara ta 404, suka kashe mutane da yawa suka ƙwace dukiyarsu. Su biyun sun sha hira da shi. Ina amfanin?

Sabon_Jini:
Ai shi ya sa aka rataye shi aka ƙona littattafansa.

Bazazzagiya:
Ƙanena, ba rataye shi aka yi ba, guba aka ba shi ya sha a kurkuku, yana da shekara kusan 70. Kuma bai rubuta littafi ko ɗaya ba balle a ƙona. Abin da muka sani game da shi ta hannun Aflatun da Zinofon da wasu 'yan zamaninsa ya zo. Tuhumar da aka yi masa ita ce bai yarda da allolin gari ba, yana kawo sababbi, yana kuma ɓata matasa. Masu yanke hukunci wajen 500 ne, shi da kansa ya ce da ƙuri'a 30 sun koma ɗaya gefen da ya kuɓuta.

@Ɗan_Maraɗi amma a yi masa adalci. Su waɗannan azzaluman 30 sun kira shi da wasu mutum huɗu, suka ce su je tsibirin Salamis su kamo wani mai suna Liyon a kashe shi. Huɗun suka tafi suka kamo shi. Sukurat ya juya ya nufi gida abinsa, yana sane cewa hakan na iya cin ransa. Bayan an yanke masa hukunci kuma abokinsa Kirito ya shirya kuɗin da za a fitar da shi ya gudu, ya ƙi. Ya ce bai halatta a rama zalunci da zalunci ba. Ko ra'ayinsa bai yi aiki a kan kowa ba, a kansa dai ya yi.

Gaskiya_Ɗaci:
Su huɗun da suka tafi fa, jahilai ne ko matsorata?

Ɗan_Tudu:
Zai ce maka tsoron ma jahilci ne. A gaban kotu ya ce tsoron mutuwa ɗaukar kai ne a kan ka san abin da ba ka sani ba, don ba wanda ya san ko mutuwa alheri ce, amma kowa na gudun ta kamar ya tabbatar ita ce mafi sharri.

Alli_da_Allo:
Ni malamin lissafi ne, kuma ina ganin sai mun tsaya a kan mene ne sanin kafin mu ce wane ya sani. A muhawararsa da Mino, Sukurat ya kira wani yaro bawa da bai taɓa karatu ba, ya zana murabba'i mai taku 2 kowane gefe, faɗin cikinsa 4. Ya ce yaya za a yi wanda ya ninka shi, mai 8? Yaron ya ce a ninka gefen, ba ko shakka. Aka zana mai taku 4, sai ga 16. Ya ce to 3. Sai ga 9. Nan ya ce wallahi bai sani ba. Sukurat ya ce wa Mino yanzu yaron ya fi ɗazu, don ɗazu bai sani ba yana zaton ya sani. Daga nan da tambaya kawai ya kai shi ga layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, wanda in ka gina murabba'i a kansa zai ba ka 8.

Ina gwada wannan a ajina, kuma kusan kullum amsar farko ita ce a ninka gefe, da ƙarfin murya kuwa. Abin lura shi ne yaron da na faɗa wa amsar yana mantawa kafin jarrabawa. Wanda ya zana da hannunsa ya ƙirga rabin-rabin nan huɗu, ko a titi na tare shi zai sake fitar da ita.

Gaskiya_Ɗaci:
Malam, mu da ke maganar ɓarayi me ya haɗa mu da murabba'i?

Alli_da_Allo:
Haɗin yana cikin muhawarar ɗaya. Sukurat ya ce mutumin da ya san hanyar garin Larisa don ya taɓa bin ta, da wanda kawai ya yi zato kuma zaton ya dace, dukansu za su kai ka. Bambancin shi ne zato ba ya zama, yana sulalewa, sai an ɗaure shi da sanin dalili. Yawancinmu an faɗa mana sata ba kyau mun haddace, ba mu taɓa ɗaure ta da dalili ba. Ubangidan Mai_Kwano haddar yake da ita. Da hujja ta zo daga ɗaya gefen, sai haddar ta kwance.

Maman_Khairat:
To in haka ne an rufe ƙofa ke nan. Duk wanda na kawo muku ya sani ya aikata, sai ku ce ai ba sani na gaske ba ne. Wane misali zan kawo da za ku yarda ya karya maganar? In babu, to ba hujja ba ce, wayo ne.

Bazazzagiya:
Wannan tambayar ta zauna. Kuma da alama Aflatun ma ya ji nauyinta, don a kashi na 4 na Jamhuriya ya kawo labarin wani Liyontiyas da ke tahowa daga tashar jiragen ruwa, ya hango gawarwakin waɗanda aka zartar wa hukunci a bayan ganuwa. Yana son ya kalla, yana ƙyamar kansa. Ya rufe fuska, ya kasa, ya ruga wurin ya buɗe idanunsa yana zagin su, yana ce musu su kalla su ƙoshi. Daga nan Aflatun ya ce rai ba abu ɗaya ba ne, akwai hankali, akwai zuciya mai fushi, akwai sha'awa, kuma suna faɗa da juna. In suna faɗa, to ɗaya na iya kayar da ɗaya ba tare da hankali ya manta komai ba.

Hauwa_Gaya:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kuna ta kawo Aristo a matsayin wanda ya gyara Sukurat, amma ni shi kansa Aristo nake gani hujjar Sukurat. Mutumin da ya yi wannan zurfin tunani a kan ɗabi'a, shi ne ya rubuta a littafinsa na siyasa cewa wasu mutane bayi ne tun daga halittarsu, kuma bauta ita ta fi musu. Ya ce mace tana da tunani amma ba shi da iko. Har ya rubuta cewa haƙoran maza sun fi na mata yawa. Ba sha'awa ce ta rinjaye shi ba, ba ya nadama, a natse ya zauna ya rubuta yana ganin daidai ne. Su ma waɗanda suka jefa ƙuri'ar kashe Sukurat, da yawansu gani suke garinsu suke karewa. Ɓarnar mai alawa a ƙafarsa ta tsaya. Wadda ke cin al'umma ita ce ta wanda ya tabbata yana kan daidai.

Talatu_Jos:
Hauwa, to mu fa? Wane abu muke yi yau hankali kwance da jikokinmu za su riƙe baki?

Lauya_Ba_Riga:
Kafin a amsa wa Talatu, ga inda abin ke shafar aikina. In duk laifi jahilci ne, hukunci na mene ne? Sukurat ya yi amfani da wannan a kotu. Ya ce wa mai ƙararsa, in ina ɓata matasa ba da gangan ba ne, wanda ya yi kuskure kuwa jan shi gefe ake yi a koya masa, ba a kawo shi gaban alƙali. Aristo bai karɓi wannan ba. Ya ce akwai jahilcin da mutum ke jawo wa kansa, ya kawo misalin dokar da ke ninka wa mashayi hukunci in ya yi laifi a buge, don shan a hannunsa yake. Ya ce wanda ya jefa dutse ba zai iya dawo da shi ba, amma jifar tasa ce.

Mai_Kwano:
To Lauya, a wannan lissafin ubangidana ranar da ya ɗauki guduma ya yi laifin, ko kullum da ya auna?

Lauya_Ba_Riga:
A kotu, kullum da ya auna. A wurin Aristo ina jin zai fi kama shi da ranar gudumar, da duk ranar da zuciyarsa ta ɗan motsa ya danne ta. Malam_Na_Zaure, a fiƙihu fa? Kuma yaron da ake aika ya miƙo kwanon yana da kaso?

Mai_Kwano:
Kai Lauya, ni na kawo labari, kada a juyo da shari'ar kaina.

Malam_Na_Zaure:
An kira salla a nan. Mas'alar yaron tana da tafsili, ya danganta da balaga da kuma ko ya san abin da ke gindin kwanon. Mai_Kwano, shekarunka nawa lokacin da ka fara shafawa da yatsa?